Ranar da Na Jira a Gama Ɗaure Rake

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Uwani, 'yata ta fari. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah ya tsare hanyarki ranar Asabar, ya sauke ki Damagaram lafiya, ya haɗa ki da malamai masu tausayi, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin gari.

Za ki yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ga takarda. Kin san yadda muke. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa zama da ke tabarma ɗaya mun yi doguwar magana ba. Haka muka iske iyayenmu suna yi da ɗan fari. Abin da zan faɗa miki bakina ba zai iya ba, hannun ma da ƙyar. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, sauran a makarantar yaƙi da jahilci na tsinta, in kin ga harafi ya karkace ki ƙyale shi ki bi maganar.

Ranar Talata da safe ina bakin zaure ina wasa adda, kika fito da bokiti za ki famfo, ke da ƙawarki Sa'a. Iya Tasalla tana zaune inda ta saba da tiren daddawarta. Ta ɗago kai ta ce, "Sajifam ɗinmu, an ce Asabar za a tafi makaranta?" Kika wuce kamar itace ne ya yi magana. Ba ki ɗaga murya ba, amma na ji abin da kika ce wa Sa'a: "Irinsu ne suka kashe mana uwa. Bari in dawo da difulom, ko reza ba za su sake riƙewa ba a ƙasar nan." Tsohuwar ma ta ji. Na ga ta rufe tiren da zane ta tashi, alhali ko hantsi bai yi ba.

 Uwani, Iya Tasalla ba ta kashe mahaifiyarki ba. Ajali na Allah ne, amma idan akwai wanda ya yi sakaci a ranar, ni ne. Shekara goma sha biyar ina barin ta da wannan kaya. Ina tsoron ki karanta ki daina ganina da idon da kike ganina. Amma na fi tsoron ki tafi koyon karɓar haihuwa da ƙarya a cikinki, domin wata rana wata mace ce za ta biya.

Bari in bi miki abin daki-daki.

Kina da shekara huɗu innarki ta samu ciki na biyu. Da ya kai wata bakwai ƙafafunta suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Na raka ta awo a matanite, asibitin haihuwa, nan Matameye. Wadda ta duba ta yarinya ce, sajifam, wato ungozomar asibiti, sabuwar fitowa, ana ce mata Madam Zara'u, ko aure ba ta yi ba a lokacin. Ta ɗaura mata abin awon tansiyo, na hawan jini, a hannu, ta matsa, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sai ta ɗauki jan biro ta yi rubutu a karne, ɗan littafin awon, ta leƙo ta taga ta ce, "Ina mijin wannan?" Na zo na tsaya. Ta yi magana da sauri, rabi Hausa rabi Faransanci. Abin da na kama shi ne tansiyo ya hau, kada ta haihu a gida, kada ta yi nisa da gari. Na ce, "Madam, ai ta fari a gida ta haife ta lafiya lau." Ta ce, "Kai ne sajifam ko ni?" Ta ja taga ta rufe, mata na ta dariya a kan benci.

Na dawo gida da zafin wannan dariyar. Na ce a raina yarinyar da ba ta taɓa naƙuda ba, me ta sani? Na sa karnen a ƙasan akwati. Ban san abin da na sani yanzu ba, cewa sajifam shekara uku take yi tana karatun jikin mace kawai, ana tura ta sitaj, koyon aiki, daga wannan matanite zuwa wancan, tana tsayawa a kan haihuwa bayan haihuwa manya suna kallon hannunta, kafin a ba ta takarda. Abin da ta gani a shekara uku, matar da ta haifi goma ba ta gan shi ba. Ni shekarunta na duba.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Ke ma haka za a duba ki, yarinya ƙarama da farar riga. Saboda haka ranar da kika ɗauki jan biro, ki ajiye Faransanci. Ki fito waje, ki sa mijin ya zauna, ki faɗa masa da Hausar da ake sayen gero da ita: in ka ga kaza da kaza, matarka tana iya mutuwa kafin rana ta faɗi. Ki sa ya maimaita miki da bakinsa. Kada ki kunyata shi gaban mata, ko da ya yi miki maganar wauta. Namijin da aka yi wa dariya yana fita da dariyar, ya bar maganar a nan. Madam Zara'u gaskiya ta faɗa, kuma ba na ɗora mata laifina. Amma na sha tunanin da ta ba ni minti biyar.

Na biyu ya fi muni. Lokacin saran rake ya zo, garkarmu kuma kin san tana can kwarin bayan Dungu. Ina da 'yan aiki takwas, ba mai dafa musu. Na kwashe ku, ke da innarki da cikin wata tara, muka koma ƙauyen. Na ce kwana goma ne mu dawo. An ce kada ta yi nisa da gari, na kai ta inda daga nan zuwa kwalta sai an keta yashi mai nisa.

A ƙauyen Iya Tasalla take a lokacin. Ke kin san ta da daddawa, ba ki san ko wace ce ba. Ungozoma ce tun daga gwaggonta. Irin ungozomar da ba ta da aji, ba ta da allo. Mace ce da ta gama haihuwarta, ta bi wata tsohuwa shekara da shekaru tana riƙe mata ƙwarya, har ta iya yanke cibiya, da binne mabiyiya, da gasa jego, da wankan jariri. Yawancinsu ma sai yaro ya faɗo ake kiransu. Amma ita Iya Tasalla ta ƙara da wani abu. Mutanen ƙauye sun zaɓe ta an kawo ta gari, an yi musu horo na 'yan makonni, ta koma da sunan matiron da akwatin ƙarfe mai sabulu da sabuwar reza da zare da auduga. Ba a koya musu allura ba, ba a koya musu ɗinki ba. Babban abin da aka koya musu shi ne su gane wadda ta fi ƙarfinsu, su tura ta da wuri. Kuma ta riƙe wannan karatun fiye da yadda na riƙe nawa.

Ranar Laraba ce. Kamiyon da zai ɗauki rakena ya iso tun da sassafe daga hayin iyaka, ana ta lodi a bakin garka. Hantsi ya ɗaga sai ga Iya Tasalla da kanta ta biyo ni har cikin rake, ko mayafi babu. Ta ce, "Lawali, ajiye addar nan."

Na ce, "An sauka, Iya?"

Ta ce, "Ba a sauka ba. Matarka ta ce kanta zai tsage, tana ganina biyu-biyu, fuskarta ta cika. Wannan ba tawa ba ce. An nuna mana irinta a gari, jijjiga ce ke tafe. Ka ɗauke ta yanzu."

Na ce, "Da me? Mai babur ya tafi kasuwa."

Ta nuna kamiyon da haɓa. "Wancan jaki ne?"

Na je wurin direban, wani mutum mai suna Garba. Mutumin kirki ne, kada ki riƙe shi da komai. Ya ce, "Mai rake, in ka ce mu tafi da rabin kaya, yanzu zan tada mota. Sai dai ka sani ba zan dawo ba sai wani mako." Na juya na dubi damman da ke ƙasa. An riga an sare su, rake kuma in ya yi mako a rana ya zama kara. Noman shekara ne kwance a wurin. Na dubi rana, na ga da saura. Na tuna haihuwarki, yadda ta kwana ta wuni tana naƙuda aka sauka lafiya. Na ce, "A ƙarasa lodin. In an ɗaure sai ta shiga gaba."

Kalmomin ke nan, Uwani. Ba wanda ya tilasta mini.

Iya Tasalla ta dawo sau biyu. A na biyun ta kama wuyan rigata gaban 'yan aiki, tsohuwar da ta haifi kamata, ta ce, "Ka ji tsoron Allah, yaron nan." Na ce, "Iya, a yi haƙuri, saura kaɗan." Kin san duk garin nan da haƙuri ake yabona. Ana cewa Lawali ba ya gaggawa, Lawali ba ya tada hankali. Ranar nan abin da ake yabona da shi ne ya ci ni. Har na hau saman motar ina taya su jan igiya don a yi sauri, ina ganin kamar taimako nake yi.

Ana kiran azahar aka gama ɗauri. Kafin nan jijjigar ta zo mata sau ɗaya. Da na shiga ɗakin na iske Iya Tasalla ta kwantar da ita a kan gefenta, ta kori matan da suka kawo hayaƙi suna cewa iska ce ta taɓa ta. Ke kina bayan ɗaki wurin maƙwabta, an ba ki guntun rake kina sha.

Shawarata a nan ba ta da tsawo. Ki ji tsoron miji mai sanyin hali fiye da mai faɗa. Mai faɗa za ku yi hayaniya ya ɗauko mota. Irina zai ce miki to, to, Madam, in sha Allahu, ya tsaya yana jiran wani abu ya ƙare. In kin ce a tafi, kada ki koma ciki sai kin ji ƙarar inji. In ya tsaya, ki tsallake shi ki je wurin maigari, ko wurin wan matar, ko liman. Kada kunya ta hana ki kama wuyan rigar mutum.

A hanya na ƙara wani. Akwai kaz ɗin lafiya, ɗan ƙaramin ɗakin shan magani, kafin a hau kwalta. Na hango mutum da farar riga a ƙofa, na buga wa Garba ya tsaya. A lokacin duk mai farar riga likita ne a wurina. Iya Tasalla tana riƙe da kan innarki a cinyarta tana cewa, "Ku wuce, ba nan ba ne." Ban ji ba. Saurayin ya hau ya duba ta. Ya ce, "Wallahi allurar wannan ba ni da ita, ko ina da ita ba aikina ba ne. Ku yi Matameye." Na tsaya ina roƙonsa ya yi mata ko ta zazzaɓi ce, ko ƙarin ruwa. Sai da ya tura ni cikin motar da hannunsa. Daga baya na gane irinsu karatun lafiya na gaba ɗaya suka yi, zazzaɓi da rigakafi da ɗaurin ciwo, da ɗan abin da ya shafi haihuwar da ta zo da sauƙi. Ya san iyakarsa, ya faɗe ta ba kunya. Ni na ɓata lokacin.

Ke ma kina da iyaka, ko da difulom ɗinki. Sajifam ba ta fiɗa, wannan na lokotoro ne, babban likita. Ranar da kika ga abin ya wuce hannunki, ki faɗa da wuri, gaban kowa. Na ga wasu suna jin nauyin a ce sun kasa. Kada ki zama cikinsu.

Da muka iso matanite Madam Zara'u ce ke aiki. Ta dubi innarki, ta dube ni, ta gane ni. Ta ce, "Ina karnen?"  Sai ta juya ta yi ciki da gudu. Ta yi mata allurar, ta sa mata ruwa, ta kira ambilans a kai ta babban asibitin Damagaram, ta shiga da kanta ta zauna kusa da ita. Ba mu kai Takeita ba. Ita da abin da ke cikinta, da la'asar sakaliya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Saura na ƙarshe, wanda ya fi daɗewa. A wurin zaman makoki na ji mata suna ƙus-ƙus, wai tsohuwa ce ta riƙe ta tun safe tana gwada iyawarta. Wani ya faɗa wa wani, kafin sadakar bakwai magana ta zauna. Dangin innarki suka daina gaida ta. Ni ina zaune a tabarma ana yi mini ta'aziyya, ana cewa Allah sarki Lawali, ya yi iya ƙoƙarinsa, har kamiyo ya samo. Na sunkuyar da kai na karɓa. Na ce a raina in an kwana biyu zan gyara maganar. Mata suka daina kiranta haihuwa. Aka karɓe akwatin aka ba wata. Ta dawo gari wurin ɗanta ta kama daddawa. Kullum ina wuce ta ina cewa ina kwana Iya, tana amsawa, ba ta taɓa tada maganar ba.

Kin sha tambayar kakarki me ya sa na sayi babur mai ƙafa uku nake ɗaukar masu naƙuda ko ana tsakiyar sara, ba na karɓar ko dala. Yanzu kin sani. A wannan zirga-zirgar na koyi duk abin da na rubuta miki, ina zaune ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar matanite ina kallo ina tambaya. Kuma ga abin da na lura da shi: in abu ya ɓaci, laifi gangarowa yake yi. Daga babba ya sauko kan sajifam, daga ita ya sauko kan 'yar sitaj, daga nan kan matiron mai wanke ɗaki, ya ƙare a kan tsohuwar ƙauye da ba ta iya rubutu ba balle ta kare kanta. Shekara uku masu zuwa ke ce a ƙasa, ina jin tsoron a ɗora miki abin da ba ki yi ba. Bayan nan za ki hau sama, ina jin tsoron ki ɗora wa wata.

Ban ce duk ungozoma daidai take ba. Na ɗauko matan da aka danne musu ciki, na ɗauko waɗanda aka ɗura musu jiƙo har suka galabaita. Za ki gamu da masu taurin kai. Yanzu ma an ce kada su karɓi haihuwa a gida, su rako mace asibiti, kuma na ga amfanin haka da idona. Amma ki yi tunani, ranar da aka tura ki wani ƙauye can wajen Dawce ko Ɗan Barto, ke kaɗai da majo mai riƙe da ɗakin shan magani, wa zai gaya miki akwai mai kumburin fuska a gida kaza? Mace mai ciki ba ta faɗa wa baƙuwa ciwonta. Tsohuwar da ta yanke mata cibiya take faɗa wa. In kin wulaƙanta tsofaffin nan za su rufe baki, matan kuma su iso miki a makare, kamar yadda innarki ta iso. Wannan shi ne tsoron da ke hana ni sukuni. In kin sauka gari, kafin ki kwance kayanki, ki tambayi gidan ungozoma ki je ki durƙusa ki gaishe ta.

Jiya Laraba ce, na so in bari sai bayan sallar Juma'a, amma ban jira ta ba. Na riga na jira da yawa. Da aka idar da la'asar na roƙi mutum uku suka raka ni gidan ɗan Iya Tasalla. Na tsuguna a tsakar gida na faɗi duk abin da na rubuta miki, da ƙarfi, yadda matan gidan za su ji. Ta bar ni har na gama, tana tsince ƙwaryar kalwa. Sannan ta ce, "Sai yau aka gama ɗaure raken, Lawali?"

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Ni na yafe tun kafin haƙorana su zube. Hakkin wadda ta tafi gaban Allah ne ba ni da iko da shi." Ta ƙara da cewa, "Yarinyar nan tana da hannu, na gani tun tana goyon 'ya'yan maƙwabta. In ta ga dama ta zo kafin ta tafi. Akwai yadda ake gane mai jijjiga tun daga bakin ƙofa, kafin a ɗauko abin awo. Ban san ko suna koyar da shi a Damagaram ba."

Tsohuwar ba ta da ƙarfi, Uwani, kin ga yadda take tafiya. Hutunku na farko da nisa. Ban isa in tilasta miki ba bayan abin da kika karanta. Gobe Juma'a ce, kina da yini guda. Ni kuma in ba ki so in raka ki tasha ranar Asabar, ki faɗa wa kakarki, zan gane, kawunki zai kai ki. In kin yarda in ɗaukar miki jaka, ki ajiye ta a bakin zaure da safe.

Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Allah ya sa albarka a hannunki, ya sa duk wadda ta kwanta a gabanki ta tashi da ɗanta. Allah ya raba ki da ranar da za ki rasa mota. Amin.

Kada ki ɗauka tausayin tsohuwa ne ya sa na ƙirƙiro wannan. Waɗanda suka ga abin da ya faru a bakin garka suna nan da ransu. Garba direba ya bar tuƙi, yana sayar da taya a tashar da za ki hau mota. Kawunki Hamisu, ƙanen innarki, yana cikin masu lodin, shi ya miƙo mini igiyar, shi ma bai taɓa faɗa ba. Jiya kuma shi da Malam Idi liman da Alhaji Sani mai goro suna tsaye a kaina lokacin da na yi magana. Ki tambayi wanda kika ga dama.

Mahaifinki,
Lawali mai rake, Matameye.